Gawar da ta Yi Atishawa

Norbert Szabo ya mutu sau ɗari huɗu da 'yan kai, kuma babu daraktan da ya taɓa cewa ya sake don bai yi kyau ba. An harbe shi a mashaya, an tsamo shi daga kogi, an jawo shi daga firjin asibiti da 'yar takarda ɗaure a babban yatsan ƙafa, an taɓa nannaɗe shi cikin darduma aka cusa a bayan mota. Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin yana kallon fim ɗin 'yan sanda ya ga Norbert, ko da tafin ƙafarsa ne. Sunansa ne kawai ba wanda ya taɓa gani, don ba a rubuta sunan gawa.

A Burbank aka haife shi, a 1945, shekarar da masu gina ɗakunan fim suka yi yajin aikin da aka riƙa ba hamata iska a bakin ƙofa. Ubansa kafinta ne, kuma a nan aka fasa masa kai. Har ya koma ga Allah bai yarda gashi ya rufe tabon ba, gefe yake taje shi don kowa ya gani. Tsohon bai bar wa ɗansa gida ba, bai bar masa sana'a ba, magana ɗaya ya bar masa wadda yake maimaitawa a kan kowane abinci: in ka ga masu yajin aiki da kwalayensu a bakin ƙofa, ba ka tsallake su, ko matarka ce ke haihuwa a ciki. Uwarsa kuwa cewa take tun yana jariri ta san inda ya dosa, don sai ta kara masa madubi a hanci take gane yana da rai.

Ɗan cikon benci ne, irin mutanen da ake zubawa a bayan jarumi don kada wuri ya zama kango. Mutanen waje suna ɗauka wannan ba aiki ba ne. To su gwada. Ka yi tafi ba tare da tafukanka sun haɗu ba. Ka yi rawa babu kiɗa. Ka kai cokali baki sau talatin ba ka haɗiye komai ba, don abincin tun safe yake kan tebur kuma an fesa masa mai don ya yi ƙyalli. Babbar doka ita ce hira babu murya: baki na motsi, gira na ɗagawa, ana dariya har da dafe ƙirji, amma ko tari ba a so, don makirufo na jarumi ne shi kaɗai. Ita kuwa gawa tana da tata dokar daban. Ba ta motsi sai an ce kot, kalmar da darakta ke faɗa in an gama ɗauka. Akwai ranar da wani darakta ya manta da faɗar kalmar, ya ja jama'arsa suka tafi cin abincin rana. Da suka dawo bayan awa ɗaya da rabi suka tarar da Norbert yadda suka bar shi, kwance cikin jinin roba, ƙuda na yawo a leɓensa. Tun daga ranar in ana neman gawa shi ake fara kira.

Ranakun da ba a kashe kowa ba, sai a zaunar da shi a teburin baya na gidan abinci, a ba shi mace. Macen kusan kullum Bernice Tafoya ce, doguwa, mai dogon wuya da idon da ke sa mutum ya duba ko ya ɓalle maɓallin wandonsa. Masu rabon aiki suka ce sun dace, kamar mata da mijin da suka daɗe da gajiya da juna. Shekara bakwai suna hirar bebaye a gaban kyamara, har kowa ya iya karanta leɓen ɗan'uwansa. A haka ya ce yana sonta, a bayan wani jarumi da ke ta kuka a kan gadon ubansa. A haka ta ce masa ta ji, amma ya fara sake takalmi. Zobe ma a ƙarƙashin teburin ya miƙa mata.

Sai 1980 ta zo. Jarumai suka ajiye aiki, don an fara sayar da finafinai a kaset kuma kamfanoni sun yi kunnen uwar shegu da rabonsu. A lokacin 'yan cikon benci ƙungiyarsu daban ce, yajin ba nasu ba ne, amma Bernice ta ɗauki kwali tun ranar farko. Norbert ma ya yi sati biyu yana zagaye tare da ita. Daga nan wani ɗan ƙaramin kamfani, wanda ya rantse sai ya ƙarasa fim ɗinsa ko da awaki ne, ya aiko masa a ɓoye. Za a kashe shi kamar kullum, amma wannan karon zai yi magana kafin ya cika. Kalma huɗu: ba ni ba ne.

Ku fahimci abin. Mutum ya kai talatin da biyar, ya mutu sau ɗari, uwarsa ba ta taɓa jin muryarsa a talabijin ba. Amma magana a gaban kyamara aikin jarumi ne, aikin mutanen da ke tsaye a rana da kwalaye. Norbert ya san haka sarai. Shi ya sa bai shiga da ƙafa ba. Kamfanin na da motar ɗaukar gawa ta wasa, da akwatin gawa a ciki, sai ya shige ya ja murfi, yana gaya wa kansa cewa gawa ba ta tsallake sahun masu yajin aiki, ɗaukarta ake yi.

Da motar ta iso ƙofa mutane suka dare, wasu har da cire hula, duk da cewa rabinsu sun taɓa bin wannan motar suna kukan haya. Direba ya rage gudu don ya cika ladabi. A daidai nan, mutumin da bai taɓa ko ƙifta ido a gaban kyamara ba, ya saki atishawa. Akwatin ya daɗe a ɗakin ajiya, ƙura ce fal cikinsa.

Bernice ta san atishawar. Ta buɗe bayan motar, ta ɗaga murfi. Yana kwance cikin kwat, hannuwa a ƙirji, kuma da yake kwana uku ya yi yana haddar kalmominsa, su ne suka fito: ba ni ba ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ce masa, "Fito." Sau ɗaya ta faɗa. Ya dube ta, ya dubi ƙofa, sai ya rufe ido. Ta zare zoben ta ɗora masa a goshi, ta mayar da murfi a hankali kamar mai gudun tada shi, mota ta shige.

Fim ɗin ya fito bayan shekara biyu. An yanke maganar. Ƙafafunsa kawai aka bari.

Daga ranar Bernice ba ta ƙara yi masa magana da murya ba. Ta auri wani mai haɗa fitilu, ta haifi 'ya, ta binne mijin. Norbert ya zauna a ɗaki ɗaya a Van Nuys, shi da wata kyanwa mai baƙin hali. Su kuwa masu rabon aiki ba ruwansu da tarihin kowa, sun ci gaba da haɗa su a teburin baya, har ma suna cewa yanzu sun fi dacewa. Bernice ba ta ƙin aiki. Sai ta zauna, ta kama hannunsa, ta yi masa murmushin da zai narkar da dutse, tana zaginsa da leɓe: maci amana, mushe, ɗan kafintan da ya ci mutuncin tabon ubansa. Shi kuma yana gyaɗa kai yana zuba mata ruwan inabin ƙarya. Wata kurma daga Ohio, mai karanta leɓe, ta taɓa rubuto wa gidan talabijin takarda, ta ce ita da jikokinta take kallo, a ja wa matar teburin baya kunne. Da an ce kot Bernice za ta saki hannunsa ta goge nata da tsumma. Marubuta sun yi yajinsu a 1988, sun sake a 2007, duk Norbert ya je ya tsaya can nesa da kwalinsa. Ta gan shi. Ko leɓe ba ta motsa masa ba.

Ana haka har 2023, yana da saba'in da takwas. Marubuta suka fara fita, jarumai suka bi su a watan Yuli, kuma yanzu 'yan cikon benci suna ƙungiya ɗaya da jarumai, yajin nasu ne. Norbert na da tasa ƙullalliyar. Watanni kafin nan an taɓa tsayar da shi a tsakiyar wani keji na kyamarori, aka ɗauke shi gaba da baya, sama da ƙasa, ba wanda ya ce masa don me. Daga baya ya ji wai da wannan hoton na'ura za ta iya kashe mutum duk lokacin da aka ga dama, ba sai an kira shi ba. Abin ya ƙona masa rai. Ya ce mutuwarsa ce, shi zai yi abarsa. Amma gaskiyar abin da ya fito da shi daga gida da sassafe da hular rana, labari ne ya iske shi cewa Bernice ta sayar da gidanta, ƙarshen wata za ta koma Albuquerque wurin 'yarta. Saura kwana goma sha ɗaya. Shekara arba'in da uku yana jiran ta buɗe baki ta ce masa ko da mutu ne, kuma in ta tafi shi ke nan, don ba a karanta leɓe ta waya.

Mai tsara sahu a kamfanin da Bernice ke zagaye, inda shi ma ya nufa, wata Yolanda ce, mai usur a wuya da muryar da ta dishe tun satin farko. Ba a haife ta ba lokacin da aka yi atishawar. Ta dubi takardarta ta ga tsofaffi biyu, sai ta tura su ƙofar baya, inda akwai 'yar inuwa kuma ba abin da ke wucewa sai manyan motocin kaya jefi-jefi. Kamfanin na ci gaba da wani shirin gasar girki wanda ba ya bukatar marubuci ko jarumi, sai masu kuka a kan albasa. Yolanda ta maimaita musu abin da suka riga ta sani: direbobin manyan motoci 'yan ƙungiya ne, ba sa tsallake sahu, amma sai sahu ya zama sahu. Mutum biyu, da kwalaye, a bakin ƙofa. Direba zai ɗauki hotonsu ya nuna wa maigidansa, ya juya. In mutum ɗaya ya tarar, ba shi da hujja, dole ya shiga.

Kwana uku suna kai da kawowa, taku goma sha biyu gabas, goma sha biyu yamma. A babbar ƙofa ana ta kiɗa, ana rabon donat da fiza, jarumai masu haƙoran miliyoyi suna ɗaukar kansu hoto. A ƙofar baya sai su biyu da kwandon shara. Ranar farko Norbert ya ce mata ya yi kuskure. Ta dubi kwandon. Ranar ta biyu ya kawo mata kofi, da madara ba sukari, yadda take sha a 1979. Ta zuba wa wata bishiya. Ranar ta uku ya yi shiru, sai ita ta ji ba daɗi, ta juyo ta ce masa mushe da leɓe. Ya ji sanyi a ransa, don ko ba komai an koma yadda aka saba.

A rana ta huɗu, wajen sha ɗaya, mafitsara ta yi wa Bernice abin da take yi wa duk macen da ta haura saba'in. Ta jingine kwalinta, ta nuna masa ƙasa da yatsa kamar mai horon kare, ta tsallaka titi zuwa shagon mai sayar da tako, wani abincin mutanen Meziko. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga babbar mota ta kunno kai.

Direban wani ƙato ne mai suna Hovik, ɗan Glendale, sunan na ɗinke a aljihun rigarsa. Ya tsaya, ya leƙo, ya dubi hagu ya dubi dama.

"Baba, ina ɗayan?"

Norbert ya nuna shagon.

"Ni ma ba son shiga nake ba, tukwane ne na ɗauko musu. Amma mutum ɗaya ba sahu ba ne, Baba. Tsoho ne da kwali."

Ya ce zai yi masa alfarma ɗaya, zai ɗaure igiyar takalminsa, in ya ɗago bai ga mutum biyu ba zai wuce. Mai gadi ya riga ya ɗaga sandar ƙofa yana yafito shi. Norbert ya juya wajen shagon, ya cika ƙirji, ya buɗe baki ya ƙwala wa Bernice kira da duk ƙarfinsa. Jijiyoyin wuya suka tashi, gira ta ɗaga, kira ne mai kyau ƙwarai. Sauti ne kawai babu. Shekara hamsin da biyar na horo ba sa barin mutum don yana sauri.

Hovik ya ɗago, ya ɗaga kafaɗa, ya sa giya. Norbert ya ga abin da zai faru: Bernice za ta fito ta tarar mota ta sake shigewa ta ƙofar da aka bar masa, shi kuma yana tsaye kamar turke. Ba shi da murya, ba shi da gudu. Abu ɗaya ya iya a duniya. Sai ya taka zuwa tsakiyar hanya ya mutu.

Waɗanda suka ga hoton kyamarar ƙofa daga baya sun ce bai taɓa yin mai kyanta ba. Gwiwa ta fara saki, kafaɗa ta bi, kai ya sauka a ƙarshe kamar ba ya so. Ido rabi a buɗe. Ƙafar hagu ta karkace ciki, wadda ita ce alamarsa, duk gawar da ya yi da ita ake gane shi. Kwalin na nan a hannunsa. Kwalta kuwa a Yuli ta isa soya ƙwai, kuma kuncinsa ne a kanta.

Hovik ya diro yana kiran sunan uwarsa. Mai gadi ya kira motar asibiti. Bernice ta fito daga shago tana goge hannu, ta tsallako ba gaggawa, ta dubi ƙafar hagun, ta ɗauki kwalinta ta tsaya a kan gawar. Ta ce wa Hovik ya ɗauki hotonsu.

"Mama, mutumin nan ya mutu."

"Ƙirga mu."

"Yana kwance fa."

"An ce maka dole sai a tsaye? Ga kwalinsa a hannu. Ɗauki, ɗan nan, rana na dukana."

Hovik ya ɗauki hoton, ya ja motarsa da baya ya faka can gefen titi, tukwane ba su shiga ba. Aiki ya yi kyau. Saura gawa ta tashi.

Gawa ba ta tashi ba. Da farko sabo ne, ba wanda ya ce kot. Amma yana nan kwance, kunci na toyuwa, sai wani tunani ya zo wa Norbert, irin wanda bai taɓa zuwar masa ba don shi ba mai wayo ba ne. A duk faɗin titin nan mutum ɗaya ce ta san kalmar.

Ma'aikatan asibiti suka iso, mace da namiji. Suka ji zuciya na bugawa, suka kira shi, suka mintsine shi, suka murza masa ƙashin ƙirji da ƙulli, abin da ke sa bugagge ma ya zabura. Norbert an taɓa taka masa yatsu da doki bai motsa ba. Bernice ta sunkuyo daidai rabin idonsa ta ce kot da leɓe. Ya gani sarai. Gawa ba ta karanta leɓe. Ta ja ma'aikaciyar gefe ta ce ta faɗa masa kalmar, matar ta dube ta kamar ita ma a ɗora ta a gadon, amma ta faɗa. Shiru. Yolanda ta iso da gudu da usur ɗinta, ita ma ta gwada da dishasshiyar muryarta. Shiru.

Suka mirgina shi rigingine, suka miƙe masa ƙafafu, suka fara maganar zafin rana da shekaru da jini a ƙwaƙwalwa, namijin ya zaro wani bututu yana auna shi da maƙogwaron Norbert. Bernice ta sake duban ƙafar hagun. A miƙe take, sambal, kamar ta kowace gawa. Ta san su suka miƙe ta. Ta kuma san cewa shekara saba'in da takwas ba wasa ba ne, kuma ta taɓa tsayawa haka a kan mutum guda, mijinta, wanda bai tashi ba.

"Kot," ta ce. Muryar ta tsufa, ba irin wadda ya ajiye a kansa ba. "Kot, Norbert. Kot, don ubanka."

Ya saki atishawar da ya yi minti ashirin yana riƙewa, ya tashi zaune, ya tambayi ma'aikatan ko ya yi kyau.

Abin da ya biyo baya har babbar ƙofa an ji shi. Duk abin da ta faɗa da leɓe tun 1980 ta maimaita shi da murya, a jere, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har da waɗansu da bai taɓa ganewa daidai ba, ya ce ashe wannan take nufi. Ma'aikaciyar na shafa masa magani a kunci, shi kuwa ya lumshe ido kamar mai jin waƙa. Da ta ƙare ta ce kuma za ta kai ƙararsa ƙungiya, don wannan karo na biyu ke nan yana yin aiki ranar yajin aiki, wannan karon ma kyauta, abin da ya fi na farko muni. Hovik ya tsallako da tako guda uku, ya ce shi dai a daina yi masa irin wannan, yana da hawan jini.

Ta tafi Albuquerque ranar da ta ce za ta tafi, Bernice ba ta fasa abu don namiji. Yajin ya ƙare a Nuwamba. Norbert ya koma mutuwa, sai dai yanzu sai an tambaye shi kafin a sa shi a keji, kuma yana cewa a'a da murya. Ƙunar ta bar masa tabo a kunci kamar girman kwabo. Masu kwalliya suna son rufewa, yana hana su, ya ce gadon gidansu ne.

Kowace Lahadi bayan coci wayarsa na ƙara. Ba ta gaisuwa, daga mushe take farawa. Rannan ya ce mata in ta gaskiyar ta zo, yana roƙon ta hau jirgi ta zo ta gwada faɗar kalmar sau ɗaya, ko da rabo.

Ta ce ba za ta faɗa ba. Ta ce ranar za ta zo dai, ta zauna a sahun gaba, ta ga ko a ƙarshe zai iya yin guda ɗaya ba atishawa.